ƘUDA ƊAN FASHI, DA YADDA ZA KA GANE SHI A LAMBUNKA

Ya kai manomi mai karatu, da kai dagaci ko mai unguwa da za ka karanta wa jama'arka wannan takarda, ga magana a kan wani ƙwaro wanda ba shakka ka sha ganinsa a lambu, ko a gefen gona, ko bisa dannin gidanka, ko da ya ke watakila ba ka taɓa tsayawa ka dube shi da kyau ba. Mutane da yawa in sun gan shi sai su kai masa duka, suna tsammani tsando ne, ko bobuwa, ko wani irin rina. Ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Nufinmu a nan mu nuna maka alamun da za ka gane shi da su, da abin da ya raba shi da ƙwarin da ke kama da shi, da amfanin da ya ke yi maka, da kuma ɓarnarsa, gama yana da ita, ba kuwa za mu ɓoye maka ba.

Turawan Ingila suna kiransa da wani suna wanda fassararsa ita ce ƙuda ɗan fashi, Jamusawa ma haka su ke ce masa da nasu harshe. Da wannan suna za mu kira shi, don ya dace da halinsa. Ba ya yawon neman abinci kamar ƙudan gida. Tare hanya ya ke yi, ya jira mai wucewa. Masana ƙwari kuwa suna kiran dangin duka Asilidae, sunan da wani masani Bafaranshe, Latreille, ya sa musu a 1802. Dangi ne babba ƙwarai. An ƙidaya iri fiye da 7,000 a duniya, fiye da 1,600 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara su ke. Yawancinsu sun fi son wuri mai rana da sarari, inda ƙasa ke bushewa da wuri, sabo da haka ƙasarmu, tun daga Sakkwato har Barno, da Maraɗi da Damagaram, wurin zamansu ne. Akwai ƙanana waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa ba, akwai kuma manya da tsawonsu ya kai inci biyu.

INDA ZA KA GAN SHI

Kada ka neme shi da asuba, ko bayan faɗuwar rana. Ma'aikacin rana ne. Ka shiga lambu da hantsi, sa'ad da raɓa ta bushe, ko wajen azahar sa'ad da kai kanka ka ke neman inuwa. Ka duba kan karan da aka kafa wa tumatir, da bakin tsinken ciyawa, da kan dutse, da ƙasar hanyar da ke tsakanin fangali da fangali. Za ka ga wani dogon ƙuda zaune shiru, ya ɗaga gaba, ba abin da ke motsi a jikinsa sai kai, yana juya shi yana bin duk abin da ya gitta. In ka matsa kusa sai ya tashi da ƙara, ya sauka gaba kaɗan, ya sake fuskantar sarari. In ka yi haƙuri ka tsaya cik, ba za ka daɗe ba sai ka ga ya zabura, ya cafke wani ƙwaro a sama, ya komo da shi wurin da ya tashi ko kusa da nan. Wannan zama da zabura da komowa ita ce alama ta farko, da ita kaɗai ma mai lura ya kan gane shi daga nesa.

Ganinsa abin mamaki ne. A 2017 wasu masana na jami'ar Kambirij ta Ingila suka gwada wani ɗan ƙaramin irinsa na ƙasar Amurka, wanda tsawonsa wajen milimita 6 ne kawai. Suka ɗaura ƙananan duwatsun ado a zaren kamun kifi, suna jan su a sama bisa kansa. Suka tarar yana hango abin da bai kai milimita 2 ba daga nisan da ya wuce rabin mita, ba kuwa binsa a baya ya ke yi ba, sai ya yanke masa hanya ya tare shi a gaba, kamar yadda ƙwararren mafarauci ke yi wa zomo.

ALAMUN JIKINSA

To, in ka sami kusantarsa, ko aka kama maka shi a kwalba, ka fara da fuskarsa, gama a nan gaskiya ta ke. Tsakanin idanunsa biyu, daga sama, akwai loɓawa kamar mazaunin sirdi, idanun sun yi tudu dama da hagu. Ƙudan gida da bobuwa da tsando ba su da wannan kwari, kansu a cike ya ke. Ka dube shi ta gaba, ido da ido, za ka ga loɓawar sarai ko ba ka da gilashin ƙara girma.

Ƙasa da idanun kuma yana da gashin baki, watau tarin gashi mai kauri da ya tsaya gaba bisa bakinsa. Wani fari, wani rawaya, wani baƙi. Wannan gashi ba ado ba ne. Shi ke kare masa ido da fuska daga shurin ƙwaron da ya kama, gama sau da yawa abin da ya kan kama ya kai shi girma, yana kuma da ƙafafu masu ƙaya. Ƙarƙashin gashin sai bakin kansa, gajere mai ƙarfi, baƙi, kamar ƙayar aduwa, yana duban ƙasa ko ya ɗan karkata gaba. Duk ƙudan da ka gani da waɗannan uku tare, loɓawar kai da gashin baki da gajeren baki mai tsini, kada ka yi shakka, ɗan fashi ne.

Sauran alamun masu ƙara tabbatarwa ne. Fukafukansa biyu ne tak, a bayan ko wanne akwai wani ɗan abu kamar makaɗin kalangu, wanda ke taimakonsa daidaita jiki in yana tashi. Ƙirjinsa ya yi doro. Ƙafafunsa shida dogaye ne masu ƙarfi, cike da gashi kamar ƙaya, da su ya ke rungume abin da ya kama. Cikinsa a yawancin iri dogo ne, ya tafi yana tsukewa, ya kan wuce ƙarshen fukafukai in ya naɗe su bisa baya. Launi kuwa kada ka dogara da shi. Da yawa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, amma akwai baƙaƙe, akwai masu ratsin rawaya.

Kana iya gane mace da namiji ta wutsiya. Ta mace ta ƙare da tsini, ta namiji ta ƙare da ɗan gunduwa kamar an ɗaure ta. Tsinin nan na mace shi ya fi sa a kashe ta, don ana zaton ƙari ne irin na rina. Ba ƙari ba ne, abin saka ƙwai ne, ba ta iya harbi da shi ko kaɗan.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Nan ne maganar ta fi nauyi, ina roƙon dagatai su lura da ita. Babban kuskuren da a ke yi shi ne a ɗauki ɗan fashi a ce tsando ne. Kakanninmu sun san abin da tsando ya yi a ƙasar nan. Ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Zazzau da kewayenta, har ya sa a shekarun 1930 da 1940 aka sare kurmin bakin rafuka a wajen Anchau, aka ta da ƙauyuka, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Sammore kuwa har yau yana kashe shanu. Tsando ya ragu da yawa a can arewa sabo da sarar daji da ƙarancin ruwa, amma bai ƙare ba, akwai shi a gandun dajin Yankari da bakin kogunan da ke da sauran kurmi. Sabo da haka tsoronsa ba wauta ba ne. Amma ka duba abin da kuskure ke jawowa. In labari ya bazu cewa an ga tsando a fadamarku alhali ba shi ba ne, makiyaya su kan kwashe shanunsu su yi gaba, ku rasa taki a gonaki, ku rasa nono a kasuwa, a kan ƙwaron da bai taɓa cizon saniya ba. In kuwa tsandon gaske ne aka yi sakaci aka ce ɗan fashi ne, hasarar ta fi haka.

Ga yadda za ka raba su. Tsando ya ɗan fi ƙudan gida girma, tsawonsa wajen rabin inci ko ƙasa da haka, launinsa ruwan ƙasa. Bakinsa siriri ne kamar allura, ya miƙe gaba sak, ana ganinsa ko yana zaune. Ba shi da gashin baki, ba shi da loɓawar kai. In ya sauka ya kan ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya kamar almakashin da aka rufe, fukafukan su rufe cikinsa duka har su wuce, gama cikinsa gajere ne. Ɗan fashi ma ya kan naɗe fukafukai haka, wannan ne ke ruɗin mutane, amma shi cikinsa ne ke leƙowa a baya. Akwai kuma wata alama wadda ba ta ƙarya. Ka cire fiffiken tsando ka ɗaga shi ga haske, za ka ga jijiyoyin tsakiyarsa sun zana siffar gatari. Wannan zane nasa ne.

Halinsu ma dabam ne. Tsando inuwa ya ke so, da kurmin bakin ruwa, yana bin mutum da dabba, ya sauka a jiki ya sha jini, mace da namiji duka. Ɗan fashi rana ya ke so, ba ya shan jinin mutum ko na dabba, ba ya kuma ɗaukar wata cuta daga wani zuwa wani. In ya sauka a rigarka, ko a bayan jakinka, wurin tsayawa kawai ya samu, yana jiran ƙudajen da ke bin ku. Har ma masu binciken tsando sun sha ganin ɗan fashi ya kama tsando ya tsotse shi.

Bobuwa ba ta da wuyar rabewa. Jikinta faffaɗa ne, idanunta manya sun kusa cinye kan duka, sau da yawa da ratsin launi mai sheƙi, ba gashin baki. Macen ce mai cizo, ta fi yawa da damina, tana kewaya shanu da dawaki. Rina da zanzaro da ƙudan zuma kuwa fukafukansu huɗu ne, ƙahonin kansu dogaye, makaminsu a wutsiya ya ke. Na ɗan fashi ƙahonin gajeru ne, makaminsa a baki. Mazari shi ma mafarauci ne, amma fukafukansa huɗu ne, in ya sauka ya kan bar su a shimfiɗe, ba ka rasa shi kusa da ruwa.

IRE-IRENSA

Gane cewa ƙwaro ɗan fashi ne abu ne mai sauƙi. Gane ko wane iri ne daga cikin dubbai, wannan aikin masana ne, su ma sai da madubin ƙara girma, suna duban jijiyoyin fiffike da gaɓoɓin wutsiyar namiji. Wani masani, Oldroyd, na gidan ajiye halittu na Landan, da wani kuma, Londt, na Afirka ta Kudu, sun yi shekaru masu yawa a kan na Afirka kaɗai. Manomi ba ya bukatar wannan duka. Amma akwai waɗansu da ya kamata ka san kamanninsu, don sun bambanta da juna har ka ce ba dangi ɗaya ba ne.

Akwai babba mai toka-toka, mai ƙara in ya tashi, wanda masana ke kira Promachus. Namijin da yawa daga cikinsu yana da farin gashi a ƙarshen wutsiya kamar an tsoma ta a gari. Shi ne ka fi gani bisa kara da ganye a lambu. Akwai Alcimus, mai dogon ciki siriri da ya wuce fukafukai da nisa, wanda ya fi zama a ƙasa yana kama fara da malam-buɗe-littafi. Akwai Stichopogon, ɗan ƙarami, mai zama bisa yashin bakin rafi, in ba ka sunkuya ba ba za ka gan shi ba. Akwai Leptogaster, siriri kamar zare, wanda ya saɓa wa danginsa, gama shi ba ya tare hanya, sai ya riƙa shawagi sannu-sannu cikin ciyawa yana tsintar ƙananan ƙwarin da ke zaune a jikin ganye.

Wanda ya fi duka ruɗi shi ne Hyperechia. Ka san baƙin ƙwaron nan mai ƙiba, mai gurnani, wanda ke huda busasshen itacen rumfa ya yi ɗaki a ciki, wani da rawaya ko farin gashi a baya. Shi dangin zuma ne. To, Hyperechia ya ɗauki kamarsa kaf, da ƙiba da baƙi da ratsin gashin, har tsuntsu ya kan ji tsoron taɓa shi. Ba a nan ya tsaya ba, a itacen da wancan ya huda ya ke saka ƙwai, tsutsarsa ta cinye 'ya'yan mai gidan. In ka ga irin wannan, ka ƙidaya fukafukai, ka dubi fuska. Tufafi ya ara, fuskar tasa ce.

YADDA YA KE CI

Sa'ad da ya cafke ƙwaro, sai ya soka bakinsa a wuri mai taushi, bayan wuya ko gindin fiffike ko ido, ya zuba masa miyau. Miyaun nan aiki biyu ya ke yi. Akwai dafi a ciki mai sandarar da ƙwaron nan da nan, akwai kuma abin da ke narkar da naman cikinsa ya zama ruwa. Sa'an nan ya tsotse, ya yar da ɓawon. In ka tsinci fara ko ƙwaro a ƙarƙashin kara, jikinsa cikakke amma ba nauyi kamar ƙaiƙayi, watakila saura ne na ɗan fashi. Ba ya zaɓe. Fara, ƙudaje, buzuzu, shinge, sauro, rina, zuma, har 'yan'uwansa, har macen ta kan cinye namijin da ya zo neman ta in bai yi hankali ba.

Sabo da wannan baki kada ka kama babba da hannu. Ba ya neman mutum da faɗa, amma in ka matse shi zai soke ka. Ni mai rubuta wannan takarda na ɗanɗana ina yaro, sa'ad da na rufe wani da tafin hannu ina zaton fara ce. Zafin ya yi kusa da harbin zuma, wurin ya kumbura, washegari ya sace. A faɗa wa yara masu kamun fara su riƙa dubawa kafin su kai hannu.

'YA'YANSA A CIKIN ƘASA

Mafi yawan ran wannan ƙwaro ba a sarari ya ke yinsa ba. Macen ta kan saka ƙwai a cikin ƙasa, ko a jikin ciyawa, ko a tsagin ruɓaɓɓen itace. Waɗansu suna da 'yan ƙayoyi a wutsiya da su ke tona yashi da su, su saka ƙwan, su share wurin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta zauna a ɓoye shekara guda, a waɗansu iri har biyu ko uku, tana cin tsutsotsin wasu ƙwari, musamman gwazarma mai cin saiwar shuka, waɗansu kuma suna cin ƙwan fara da ke binne a ƙasa.

In kana kaftu ko kana juya taki ka tono farar tsutsa, ka dube ta tukuna. Gwazarma ta kan lanƙwashe kamar ƙugiya, tana da ƙafafu shida a gaba da babban kai ja. Tsutsar ɗan fashi miƙaƙƙiya ce, ba ƙafa ko ɗaya, ta tsuke gaba da baya, kanta ɗan ƙarami ne baƙi. Ta farko ka jefa wa kaji. Ta biyu ka mai da ita ka rufe da ƙasa. In lokacin fitarta ya yi ta kan rikiɗa ta yi ɓawo mai ƙayoyi a ka, ta murɗa ta hau har bakin ƙasa, ƙudan ya fasa ya fita, ya bar ɓawon a tsaye rabi ciki rabi waje. Wanda ya ga irin wannan ɓawo a fangalinsa ya san suna haihuwa a wurin.

AMFANINSA DA ƁARNARSA

Ba zan ce maka ɗan fashi zai tsare maka lambu shi kaɗai ba, gama wannan ba gaskiya ba ne. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye lambuna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, a shekarar kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Ɗan fashi bai hana ba, ba kuwa zai iya ba, don iyayen waɗannan tsutsotsi da dare su ke tashi sa'ad da ya ke barci, tsutsar kuma cikin ganye ko cikin zuciyar shuka ta ke, inda ba ya kaiwa. Amfaninsa ɗaya ne da na gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da mazari da ƙadangare, ko wanne yana rage kaɗan, in aka haɗa su sai ragin ya yi yawa, ba ka kuwa biya ko kwabo ba. A ganina aikin tsutsarsa a ƙarƙashin ƙasa ya fi na uban a sama amfani ga manomi, don uban yana cin mai amfani da mai ɓarna gaba ɗaya.

Ɓarnarsa ga mai kiwon zuma ta ke. Manyan iri su kan gane hanyar da ƙudan zuma ke bi, su zauna kusa da amya ko bisa furanni suna ɗauke su ɗaya-ɗaya. A ƙasar Ajantina akwai wani iri, Mallophora, wanda masu kiwon zuma ke lissafa shi cikin manyan abokan gabansu. In kana da amya a kan ɗorawa ko kuka kusa da lambu, ka riƙa dubawa da tsakar rana. Ɗaya ko biyu ba za su rage amya mai ƙarfi ba, gama ƙudajen cikinta dubbai ne. In ka ga sun yi yawa a wuri ɗaya, kana tsintar ɓawon zuma a ƙasa, to, ka sare busassun rassa da dogayen kara da su ke zama a kai kusa da amyar, waɗanda suka nace ka buge su da tsumagiya. Kada ka fesa magani a wurin, zumar za ka fara kashewa.

Maganar feshi kuwa ta shafi kowa. Maganin ƙwari bai san aboki ba. Mai lambun da ke feshi ko wane mako, ko ya ga ɓarna ko bai gani ba, yana kashe mafarautan lambunsa tare da ɓarayin, ɓarayin kuwa sun fi saurin komowa, don waɗansunsu cikin mako uku ko huɗu su ke haihuwar sabon zubi, ɗan fashi kuwa sai shekara. In feshi ya zama dole, ka yi shi da yamma lis, sa'ad da zuma da ɗan fashi suka tafi kwana, ka tsaya kan shukar da ta kamu, kada ka bi gefen lambu da shi. Ka bar ɗan layin ciyawa a bakin shinge, da kututture ɗaya ko biyu, kada ka ƙone duka da rani.

IN KANA SHAKKA

Ga abin da dagaci ko mai unguwa zai yi in aka zo masa da labarin baƙon ƙuda. Kada ya yarda da ji kawai, ya sa a kamo masa. A lanƙwasa waya a yi zobe, a ɗinka mata guntun tsohon gidan sauro, a ɗaura a sanda. A matso a hankali ta baya, kada inuwa ta faɗa kan ƙwaron, a rufe shi da sauri. A zuba shi a kwalba mai haske, a dubi fuska, a dubi baki, a dubi tsawon ciki. In yana da gashin baki da loɓawar kai, a nuna wa jama'a su gani da idonsu, musamman makiyaya, sa'an nan a sake shi.

In kuwa bakinsa allura ce miƙaƙƙiya, fiffikensa da zanen gatari, ko an kama shi yana shan jinin mutum ko dabba, kada a sake shi, kada kuma a murƙushe shi. A bar shi ya mutu a cikin kwalbar, a sa shi a kwalin ashana tsakanin auduga biyu don kada fukafukan su karye. A rubuta a takarda sunan ƙauye, da wurin da aka kama shi, ko bakin rafi ne ko mashaya ko cikin lambu, da ranar, da lokacin, da abin da ya ke yi sa'ad da aka kama shi. A kai wa malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku ba da jinkiri ba. Su ne za su aika da shi gaba in akwai bukata, ko cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Kaduna, ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, inda a ke ajiye ƙwarin ƙasar nan iri-iri don gwadawa. Wanda ke da wayar hannu mai ɗaukar hoto ya ɗauki uku kafin ya rufe kwalin: ɗaya ta gaba inda fuska za ta fito, ɗaya ta gefe, ɗaya ta sama, ya kuma ajiye tsinken ashana kusa da ƙwaron don a gane girmansa.